Fim ɗin Yaaba da Matsalar Fassara Kalmomin Dangantaka

Yaaba fim ne na Idrisa Wedrawogo, ɗan ƙasar Burkina Faso, wanda ya rasu a 2018. Fim ɗin ya fito a 1989, kuma a wannan shekara ya sami lambar ƙungiyar masu sharhin sinima ta duniya a bikin birnin Kan na ƙasar Faransa. An ɗauke shi a wani ƙauye na yankin Yatenga, kusa da Wahiguya. Mafi yawan ƴan wasan ba sana'arsu ba ce, kuma da harshen More, wato harshen Mosawa, ake magana daga farko har ƙarshe.

Labarin ba shi da yawa. Bila yaro ne mai kamar shekara 10. Sana kuwa tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a bayan gari, wadda aka ɗora wa maita: rumbu ya ƙone, ita ce; yara sun gan ta, sai jifa. Bila ya ƙulla abota da ita, har ya saci zakara ya kai mata. Da ƴar'uwarsa Nopoko ta yanke da wuƙa mai tsatsa ta kwanta ciwo, wani bokan ƙarya ya ce tsohuwar ce ta kama ta, aka cinna wa bukkarta wuta. Amma ita ce ta yi tattaki zuwa wurin Taryam mai magani, yarinya ta tashi. Bayan mutuwar Sana ne mashayin garin, Nowaga, ya bayyana wa Bila asalin ƙiyayyar: uwarta ta mutu wurin haihuwarta, baƙin ciki ya kashe ubanta, shi ke nan laifinta.

Abin da ya kamata mai nazarin harshe ya tsaya a kansa shi ne sunan fim ɗin. Duk garin ba mai kiran Sana da kalmar dangantaka. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, saboda haka ba ta da gurbi cikin tsarin kiran da ke haɗa kowa da kowa. Ranar da suka ci naman zakara, Bila ya kira ta yaaba, ita kuma ta nuna cewa ba a taɓa kiranta haka ba. Nan ne labarin ya juya, kuma kalma guda ce ta juya shi. Yaron bai kawo hujjar cewa ba mayya ba ce, bai yi gardama da manya ba. Ya dai ba ta jika, wanda ke da jika kuwa ɗan gari ne. Wedrawogo bai yi wa wurin ado da kiɗa mai yawa ko doguwar magana ba, kuma wannan kamewa ita ce mafi kyawun abin da ke cikin aikin.

A nan fassarar Faransanci da ke ƙasan hoto take gazawa. A harshen More, yaaba na nufin kaka mace ko namiji, kuma daga gare ta ake samun sunan magabatan da suka shuɗe. Faransanci ya raba waɗannan ma'anoni uku cikin kalmomi dabam-dabam, sai mai fassara ya zaɓi ɗaya ya zubar da biyu. Hausa ba ta da wannan cikas: kaka ta ɗauki mace da namiji, kakanni kuma ta kai har ga magabata. Haka zancen maita. Abin da bokan ya zargi Sana da shi, Bahaushen Maraɗi ko na Tawa yana da sunansa tun tuni, wato kamun kurwa. Duk wanda zai mai da fim ɗin Hausa domin cibiyoyin karatun manya, in ya bi ta rubutun Faransanci, zai yi asarar abin da harsunan biyu suka riga suka yi tarayya a kai. Hanyar da ta dace ita ce a zauna da mai jin More a ɗauko maganar daga tushe.

Sai dai kaka ma tana zuwa da nata kaya. Bahaushe in ya ji ta, wasan kaka da jika yake tsammani, inda tsohuwa ke ce wa jikanta mijinta, shi kuma yana yi mata tsiyar tsufa. Tsakanin Bila da Sana ba wannan ne ginshiƙi ba. Zama ne na shiru da ɗan abinci, da magana guda da ta koya masa game da matar mashayin nan mai neman wani namiji, cewa kada ya yanke mata hukunci don tana da dalilinta. Daga baya a ji maganar a bakin yaron kansa. Mai fassarar da ya cusa barkwanci don ya gamsar da kunnen Bahaushe ya ɓata wannan.

An soki fim ɗin cewa ƙauyensa ba shi da zamani: ba lakol, ba gidan likita, ba ma'aikacin gwamnati ko ɗaya. Wasu sun sa shi cikin abin da suka raɗa wa suna sinimar ƙwarya, wadda a ganinsu don idon Turawa ake yin ta. Sukar ta yi tsanani, domin tatsuniya ce aka shirya, kuma ba a tambayar tatsuniya shekarar da ta faru. Amma akwai wuri guda da ya shafi masu tsara karatun manya kai tsaye. Ciwon Nopoko tetanos ne, mai sandare jiki da sarƙe haƙora, kuma a fim ɗin maganin gargajiya ne ya warkar da shi. Cikin labari wannan ya zauna daidai, tun da shi ya wanke Sana. A cibiyar da ake karantar da iyaye mata amfanin allurar rigakafi kuwa, dole malami ya tanadi abin da zai faɗa a kan wannan wuri kafin a kunna fim ɗin.