Jefa ko jefo: gyara ga fassarar wani aikin lissafi na fizik

Galile ne ya nuna, cikin littafinsa da aka buga a Leyden a 1638, cewa abin da aka jefa yana tafiya biyu lokaci guda: ta gaba, wadda saurinta ba ya canzawa, da ta sama da ƙasa, wadda nauyi ke ja. A lise ana koyar da wannan da faransanci, amma malami yakan maimaita tambayar da hausa in ya ga aji ya yi shiru. Wannan fassara ta baka ce muke so mu duba.

Ga aikin. Daga kan gini mai tsawon metir 20 an saki dutse: saurinsa na gaba metir 20 a sakan, na sama metir 15 a sakan, g kuma 10. Tsawonsa daga ƙasa shi ne 20 + 15t − 5t². Inda ya zama sifiri, t² − 3t − 4 = 0, watau t = 4 ko t = −1. Amsa ta biyu ba ta da wuri, tunda kafin jifa ce. Dutsen ya yi sakan 4, ya faɗi metir 80 daga gindin ginin.

Faransanci yana cewa « on lance une pierre », bai faɗi inda mai magana yake ba. Hausa ba ta yarda da wannan shiru. Fassarar da ta fi zuwa baki ita ce « an jefo dutse daga kan gini ». To, jefo yana cikin siga ta 6 ta rabon Parsons (1960), mai ƙarewa da -o, wadda ke nuna aiki ya nufo mai magana. Mai magana ke nan yana ƙasa, dutse ya taho wajensa. Ɗalibin da ya ji hausarsa da kyau zai juya alamar 15, ya samu t² + 3t − 4 = 0, sakan 1, metir 20. Lissafinsa daidai ne, tambayar ce aka canza masa, kuma shi za a rage wa maki.

Nan ne muke ganin gazawar jerin kalmomi masu fuska biyu, faransanci a hagu, hausa a dama. Ana ɓata lokaci kan sunaye, ko « vitesse » gudu ne ko sauri (muhawara ce mai daɗi, amma ba ta taɓa amsar ba), a bar fi'ili, alhali shi ke ɗauke da alkibla. Jefar ma bai dace ba, don yana nufin yasarwa. A ganinmu sai a ce: « mutum yana tsaye kan gini, ya jefa dutse sama, ya karkata shi gaba », sannan a faɗi a fili cewa daga gindin ginin ake awon tsawo, sama ce ke da alamar ƙari.