Silin Gashi Guda Ɗaya

Ni dai a da ba ma'abociyar kallon finafinan Koriya ba ce, tun zamanin da yara suka addabe mu da Jumong na ɗauka duk nasu bai wuce takobi da doki da sarakai masu doguwar hula ba. Ƙanwata ce da ta zo mini kwana biyu ta tura mini wani a waya, ta ce, "Yaya, in kika fara wannan wallahi sai tuwonki ya ƙone." Na yi mata dariya. To tuwo dai bai ƙone ba, amma miya ta kama har sau biyu, kuma na yi kwana huɗu ina kwanciya bayan ƙarfe biyu na dare. Wadda ba ta kalla ba ta yi haƙuri, domin zan fasa ƙwai tun daga farko har ƙarshe.

Sunan wasan da Turanci The World of the Married, wato Duniyar Ma'aurata. Tashar JTBC ta Koriya ta Kudu ce ta nuna shi daga 27 ga Maris zuwa 16 ga Mayu na shekarar 2020, daidai lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, kashi 16 ne cif. Asalin labarin na Ingila ne, wani wasa mai suna Doctor Foster da BBC ta nuna a 2015, Koriyawa suka ɗauka suka zuba masa nasu yajin. Ranar da aka nuna kashi na ƙarshe sama da kashi 28 cikin 100 na gidajen da ake aunawa shi suke kallo, abin da a lokacin babu wani wasa da ya taɓa samu a tashoshin da ake biyan kuɗi kafin a kalla. Ba kuma na yara ba ne, su kansu masu shi sun sa wa kashi shida na farko alamar 'yan shekara 19 zuwa sama, saboda haka kada ki kunna shi a falo yara na zaune.

Labarin wata likita ce, Ji Sun-woo, mace mai shekara arba'in da ɗoriya, mataimakiyar shugaban asibiti a wani gari da suka kira Gosan. Tana da gidanta, da mijinta Lee Tae-oh mai fafutukar harkar fim wanda kusan ita ce take riƙe da shi, da ɗansu guda ɗaya Joon-young ɗan makarantar sakandare. Kowa a garin sha'awar gidan yake yi. Wata safiya mijin ya ɗauki mayafin wuyansa ya naɗa mata don kada sanyi ya kama ta, kin ji soyayya ko? Sai da ta isa wurin aiki ta ga silin gashi guda ɗaya maƙale a jiki, dogo, mai launin ja-ja, ita kuwa nata baƙi ne kuma gajere. Shi ke nan, daga wannan sili gida ya soma warwarewa kamar saƙar da aka ja wa zare.

Inda wasan ya kama ni ba wurin gano yarinyar ba ne, wannan kowane fim yana da shi. Ƙarshen kashi na ɗaya ne. Ana tsakiyar walimar zagayowar ranar haihuwar mijin, ga ƙawaye ga abokai ana ta ciye-ciye, sai ta zame ta buɗe but ɗin motarsa ta tarar da wata waya a ɓoye. Ta ga hotunansa da yarinyar, Yeo Da-kyung, 'yar wani hamshaƙin attajirin garin. Ta ci gaba da dubawa, sai ga hoton da ya fi kowanne ciwo: sun je yawon shaƙatawa, ga mijinta, ga yarinyar, ga aminiyarta da suke aiki asibiti ɗaya, ga maƙwabtansu mata da miji da suke cin abinci a faranti ɗaya, kowa ya washe baki. Ashe duk sun sani. Ashe ita kaɗai ce baƙuwa a cikin rayuwarta. Aminiyar ma ita ce take tseguntawa mijin duk wani motsinta. Ta ɗago kai ta hango su can suna ɗaga mata hannu suna murmushi, ta lalubi almakashi a jakar aikinta ta riƙe a bayanta ta nufe su.

A nan na tsayar da wayar na yi shiru, domin ni ba likitar na gani a kaina ba, waɗancan masu murmushin na gani. Shekaru da suka wuce na san mijin wata ƙawata yana neman wata a waje, ba neman aure ba, neman banza. Na gan su da idona, ba sau ɗaya ba. Na ce a raina ina ruwana da kashe auren mutane, bakin da ya yi shiru ba ya jawo wa kansa. Ina zuwa gidanta, ta dafa mini, mu yi hira, ta riƙa yabonsa ina gyaɗa kai. Ranar da ta gano, ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Ke ma kin sani?" Har yau muna gaisawa a biki, amma ba ta ƙara taka gidana ba. Kuma har yau in aka tambaye ni ko da na faɗa mata da ya fi, sai in rasa amsa. Wasan ma bai ba ni amsa ba, nuna mini kawai ya yi yadda fuskata take daga inda ita take tsaye.

Akwai kuskuren da na ji mata da yawa suna yi in ana hirar wasan nan, sai ka ji ana cewa "kishiyar" ta yi kaza. Ba kishiya ba ce, 'yar'uwa. A dokar Koriya mace ɗaya ake aure, saboda haka Da-kyung farka ce, kuma ba ta da hanyar shiga gidan sai an fitar da ta ciki. Shi ya sa faɗan nasu ba shi da rabon kwana, ba shi da sulhu. Daɗin daɗawa, tun daga 1953 zina laifi ce a dokar ƙasar, mai aure in aka kama shi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2, har zuwa 26 ga Fabrairun 2015 da kotun tsarin mulki ta soke dokar, alƙalai 7 cikin 9 suka ce ba hurumin hukuma ba ne. Abin da ya rage wa wadda aka ci amanarta shi ne ta kai ƙara a biya ta diyya. To shekara biyar bayan haka sai ga Tae-oh, asirinsa ya tonu a gaban jama'a, ya buɗe baki yana ihu wai ai faɗawa soyayya ba laifi ba ne. Koriyawa sun daɗe suna yi wa maganar nan ba'a. Ni kuwa tsoro ta ba ni, domin mutumin ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa ya yarda cewa duka biyun yake so, kuma shi ne abin tausayi. Park Hae-joon da ya fito a matsayinsa ya iya wasa ƙwarai, bai mai da shi dodo ba, ya bar shi a matsayin rago mai daɗin baki, irin wanda zai jinginar da gidan matarsa a banki, ya ci bashi da inshorar ɗansa, sannan ya dawo da dare yana tambaya me aka dafa.

Daga nan sai ramuwa, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗinta. Ranar da likita ta ja mijin suka je cin abinci gidan iyayen yarinyar, ta zauna tsaf ta ci ta sha, sannan ta sanar da su cewa 'yarsu ciki gare ta kuma ga mai shi nan zaune, sai da na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Amma masu wasan sun fi ni wayo. Kowace nasara ta samu sai sun nuna abin da ta biya. Don ta san inda kuɗinta suka shige, sai da ta ba da kanta ga maƙwabcin nan, mijin ƙawarta, wanda shi ne akantan mijinta, wato abin da aka yi mata shi ta yi wa wata. Don ta karɓi riƙon ɗanta, sai ta sa uban ya zaci ta hallaka yaron, ya haukace ya yi mata dukan kawo wuƙa, jini ya wanke mata fuska, yaron ya shigo ya gani. Ta ci shari'a, an raba aure, an kori mijin daga gari. Na tafa mata, daga baya na ji kunyar tafin, domin ta san yaron zai gani, da shi ta yi lissafin.

Bayan shekara biyu Tae-oh ya dawo garin da kuɗin surukinsa, da amaryarsa, da 'yar jaririyarsu. A nan ne wasan ya ƙwace mana yarinyar da muke ta zagi. Da-kyung da ta shiga da taƙama sai ga ta tana binciken wayar miji da tsakar dare, tana kulle zuciya kamar yadda ta sa wata ta yi. Ranar da likita ta kai ta gidanta ta nuna mata kayanta, ta ga turare iri ɗaya, kayan barci iri ɗaya, rigar aure kusan ɗinki ɗaya, har waƙar da ya sa mata ranar da ya nemi aurenta ita ce ya sa wa ta farko, wallahi sai da na tausaya mata. Mutumin bai ma wahalar da kansa ya san wace ce ita ba, tsohuwar matarsa ya sake ɗinkawa da sabon yadi.

Yanzu bari in faɗi inda suka ɓata mini rai. Tsakiyar wasan ya cika kwaramniya, ga ɗan daba mai fasa taga, ga gawa a tashar jirgin ƙasa, ga ƙungiyar matan masu kuɗi da gulmarsu, duk don a cika kashi 16. Wannan mai sauƙi ne. Babban ƙorafina shi ne Dakta Kim Yoon-ki, likitan ƙwaƙwalwa, bazawari mai hankali da kunya, wanda yake son Sun-woo tsakani da Allah. Shi ya tsamo ta daga teku ranar da ta shiga ruwa da niyyar kada ta fito. Amma masu labarin sun mai da shi kamar maigadi, ya zo ya cece ta ya koma bakin ƙofa. Me ya hana a bar mace mai shekara arba'in da wani abu ta sake so, a hankali, da idonta a buɗe? Kuma ba wai jarumar ba za ta iya ba. Kim Hee-ae, wadda aka haifa a 1967, ta daɗe tana irin waɗannan wasanni: a 2007 ita ce mai ƙwace mijin aminiyarta a My Husband's Woman, a 2014 kuma matar aure ce da ta faɗa son saurayi ɗan shekara 20 mai kaɗa piyano a Secret Love Affair. Kin ga ke nan, in dai za a ba babbar mace zuciya a waɗannan wasannin sai an haɗa da haram, ta halal kuwa sai a ce ba ta da armashi.

Maimakon haka sai suka mai da ita hannun wanda ya cuce ta. A ƙarshen kashi na 12, ana cikin faɗa da gori, ita da tsohon mijin suka kwana tare, alhali yanzu mijin wata ne. Ƙanwata ta ce a nan ta tsani likitar. Ni ma na yi tsaki na ajiye waya, amma da na kwanta ina juyi sai na ga ba ƙarya suka yi ba. Takardar saki ba ta goge shekara goma sha da aka yi ana numfashi a ɗaki ɗaya. Na san zawarawan da ba sa iya kwana ba su zagi tsohon miji ba, kuma ba sa iya kwana ba su tambayi labarinsa ba. Abin da ya fi mini ciwo shi ne yaron ya gani, wannan karon ma.

Shi Joon-young mutane da yawa haushinsa suke ji, wai ba ya tausayin uwarsa, ga sata da ya koya a makaranta, ga dukan abokinsa, ga baƙar magana. Ni ban ga laifinsa ba. Uwa tana cewa don kai nake yi, uba yana cewa don kai na dawo, kowa yana jan hannu ɗaya, babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi me yake so ya kuma saurari amsar. Gara ma maƙwabciyar nan Go Ye-rim da ba ta da ɗa, ta gwada yafe wa nata mijin, ta ga zargi ya hana ta barci, ta faɗa masa gaskiya ta tattara ta tafi ta buɗe ɗan shagon shayinta. Ita kaɗai ce a wasan ta fita ba ta taka kowa ba.

A kashi na ƙarshe Tae-oh ya rasa komai, amarya ta tafi da 'yarta, ya zama abin tausayi. Bayan sun ci abinci su uku, sai ya nufi gaban babbar mota. Motar ta tsaya dab da shi. Likita ta ruga a guje ta rungume shi tana kuka a tsakiyar titi, yaron yana tsaye yana kallonsu. Ya jefar da wayarsa ya juya ya ruga, ba wanda ya san inda ya nufa. Aka ce bayan shekara ɗaya. Tana zuwa aiki, tana bin gidajen da ake ajiye yaran da suka gudu daga gida, tana dawowa ta zauna ita kaɗai a teburin cin abinci. Ran nan sai aka ji ana danna lambobin makullin ƙofa, ta ɗago kai, wani ya shigo, amma sun dusashe hoton ba a ganin fuskarsa sosai. Ƙanwata ta rantse shi ne. Ni na mayar da wurin baya har sau uku ina ƙura ido.