Zanen bugun zuciya: waya ta koyar, amma da zuciyar wa?

Ɗalibin likitanci da ya zo hutu gida Amarawa, kusa da Illela, yana iya ganin zanen bugun zuciya (ECG) a wayarsa cikin dare ɗaya fiye da abin da zai gani a wata guda a ɗakin marasa lafiya. Shafuka irin su Life in the Fast Lane na Ostireliya da ECG Wave-Maven na Harvard sun tara ɗaruruwan zane kyauta, kowanne da bayaninsa. Ka canka, ka faɗi, ka sake. Ina goyon bayan wannan, don ido ba ya sabawa da layukan ECG goma sha biyu sai da maimaici. Matsalar data da sabis kuwa, mazauna bakin iyakar Ƙonni sun fi ni sani.

Abin da ke damuna shi ne masu zukatan. Yawancin zanen daga asibitocin Turai da Amurka da Ostireliya aka ɗauko su, inda toshewar jijiyar zuciya ta fi yawa. Mu kuwa wa ke zuwa mana? Dattijon da hawan jini ya kumbura wa zuciya, da mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki ko tabarma ta naɗe. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka yi rubutu a Zariya kan ciwon zuciyar masu jego, suna danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, kuma binciken da aka yi a Sakkwato ya nuna yankinmu na cikin inda cutar ta fi yawa a duniya. Ga wani tarkon: akwai sauye-sauyen zane da ake yawan gani a jikin baƙar fata lafiyayye, wanda ɗalibin da ya haddace na Turawa zai ɗauka ciwo ne, ya tayar wa iyali hankali a banza.

Sannan waya ba ta koya maka manna wayoyin na'urar ECG goma a jikin mutum. Ka musanya na hannun dama da na hagu, zanen ya birkice, kai kuma kana ta fassara ƙarya.

Don haka ina kira ga malaman Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Aminu Kano: ku tattara zanen marasa lafiyarmu, a goge sunaye, a rubuta bayani, a ɗora inda ɗalibi zai sauke sau ɗaya ya karanta ko babu sabis.