Zomon Ista da Matsalar Labari Maras Salsala

A duk lokacin da hutun Ista ya kewayo, akwai maganar da ke yawo a wayoyi da majalisun ɗalibai, har a garuruwa irin su Gaya da Ajingi: wai zomon da Turawa ke alamta bikin da shi dabbar wata gunkiya ce mai suna Eostre. Wasu masu wa'azi sun riƙi wannan magana hujja, alhali salsalarta yankakkiya ce.

Tushe ɗaya tilo da ya ambaci Eostre daga cikin magabata shi ne malamin Kirista Bede na Ingila, a littafinsa na lissafin zamani na shekarar 725, kuma bai ambaci zomo ba. Labarin zomo mai kawo wa yara ƙwai ya bayyana ne a rubutun likita Georg Franck von Franckenau a 1682, a matsayin al'adar wasu yankunan Jamusawa, waɗanda daga baya 'yan ƙaurarsu suka kai ta Amurka a ƙarni na 18. Jacob Grimm ne ya yi kirdadon gunkiya Ostara a 1835, sa'an nan Adolf Holtzmann ya jingina mata zomo a 1874. Ke nan tsakanin Bede da Holtzmann akwai fiye da shekara dubu ba tare da marawaici ko ɗaya ba. Haɗuwar zomo da sunan gunkiya a biki guda ba ta tabbatar da dangantaka: zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Al'adar cika-ciki ta daren Ashura, wadda gidajen ƙasar Gaya suka sani, tana nuna hanyar da ta dace. Malamai sun saɓa a kan hadisin yalwata wa iyali a wannan rana: Baihaƙi ya ga hanyoyinsa suna ƙarfafa juna, Ibn Taimiyya kuwa ya kore ingancinsa. Kowannensu ya tsaya a kan isnadi ne.

Hukuncin shiga bukukuwan wasu addinai yana da dalilansa a littattafan fiƙihu, ba ya buƙatar tarihin ƙage ya tallafe shi. Ɗalibin da ya gano cewa labarin zomo ba shi da tushe yana iya fara shakkar sauran abin da malaminsa ya faɗa. Adalcin da Alƙur'ani ya wajabta ko ga wanda aka saɓa da shi ya haɗa da rashin jingina masa abin da bai tabbata ba.