Ƙaho da kunne: abin da lasifika ke yi wa kiɗanmu

Duk wanda ya taɓa halartar bikin al'adu a Magariya ko Dungas ya san ta: lasifikar ƙarfe mai baki kamar mazurari, ɗaure bisa itace ko kan mota. Da batir guda takan kai murya ƙarshen gari. Hikimarta tsohuwa ce, irin ta kakakin fadar Damagaram: amon da ya fito ta ƙuntataccen maƙogwaro, in hanyarsa na buɗewa sannu a hankali, yakan cika fili ba tare da an ƙara masa ƙarfi ba.

Sai dai ƙaho na da ƙa'ida: amo mai kauri sai dogon bututu da faffaɗan baki. Tamu kuwa gajera ce, don sanarwa da kiran salla ta dace. Shi ya sa in aka kafa ta gaban makaɗa, rugugin ganga kan ɓace, a bar mu da tsinin algaita da muryar mawaƙi kamar daga cikin gwangwani.

Laifin ba na ƙaho ba ne. A 1946, a garin Hope na jihar Arkansas ta Amurka, injiniya Paul Klipsch ya fara ƙera lasifikar Klipschorn. Ya naɗe dogon bututu cikin akwatin katako, ya tsara a girke shi a kusurwar ɗaki, don bangaye su zama ƙarashen bakinsa. Da wat 1 kacal amonta kan haura desibel 100, kauri da siranta kowane a matsayinsa. Har yau ana ƙera ta, da tsadar gaske.

Ba cewa nake ƙungiyoyinmu su saye ta ba. Ta ɗaki ce, ba ta dandali ba. Darasinta nake so mu ɗauka: maƙerinta gaskiyar amo ya nema, mu kuwa ƙara muke bi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Yaron da bai taɓa jin ganga ba sai ta bakin ƙarfe zai ɗauka muryarta ke nan, in ya zama makaɗi kuma ita zai kwaikwaya.

Don haka, malamai da shugabannin ƙungiyoyi, mu bar wa sanarwa ƙahonta. A kowane bikin makaranta a keɓe kiɗa guda, a kashe lasifika, ɗalibai su matso kusa su ji fatar ganga da kunnensu.