Gwajin Sinadarai Zai Iya Shaida Tumatirin Kura?

A Disamban 2024 BBC ta fitar da wani bincike da ya ja hankali. An gwada markaɗaɗɗen tumatir iri 64 da ake sayarwa a Birtaniya da Jamus da Amurka, aka ce 17 daga ciki da alama akwai tumatirin ƙasar Sin a cikinsu, alhali wasu sunan Italiya ke jikinsu. Dabarar ita ce, shuka tana zuƙar ma'adanai daga ƙasa da ruwa, kuma adadinsu ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Sai a auna, a kwatanta da samfurin da aka san gonarsa.

Abin sha'awa ne ga manomin rani a Kura ko Bunkure, wanda tumatirin gwangwani na waje ke karya wa kasuwa. Amma kada mu yi saurin tafi. Gwajin ba ya faɗin "ga gonar nan", kamanni kawai yake nunawa, kuma manyan shagunan da abin ya shafa sun musanta sakamakon.

A wurinmu matsalar ta fi haka. Na farko, ruwa. Gonakin Kura da Bunkure da Kadawa duk ruwan madatsar Tiga suke sha. Iskar oksijin da ke cikin ruwan tumatir labarin madatsar za ta bayar, ba na garin ba, kuma zafin rani yana sauya ma'auninta idan ruwa ya yi tururi. Na biyu, taki. Takin zamani yana zuwa da nasa ma'adanan, yana iya dagula alamar ƙasa. Na uku, kasuwa. A Kwanar Gafan, kwandunan gonaki da yawa ke haɗuwa a mota guda kafin a nufi Mile 12 a Legas.

Babban giɓin kuwa shi ne rumbun bayanai. Tarayyar Turai tana tara samfurin inabi duk shekara tun farkon shekarun 1990, shi ya sa gwajinta ke da nauyi. In babu abin kwatance, na'ura lambobi kawai za ta ba ka.

Raba tumatirin Kano da na Sin abu ne mai yiwuwa. Raba na Kura da na Bunkure kuwa, da wuya. Aikin da ke gaban masu bincikenmu shi ne shiga gonaki, rani bayan rani, suna ɗibar ƙasa da ruwa da tumatir.