Kujerar Baya: Nazarin Yadda Ake Ba da Tarihin Kamfanin Greyhound

Tarihin kamfanin safa na Greyhound a Amurka yakan fara ne da mutum guda. A 1914, Carl Eric Wickman, baƙo daga Suwidin, ya soma jigilar masu haƙar ma'adinai daga garin Hibbing zuwa Alice a jihar Minnesota, kowane fasinja santi 15. Daga wannan mota ɗaya kamfani ya bunƙasa har ya haɗa gabashin ƙasar da yammacinta. Labari ne mai daɗin ji, amma daga kujerar direba ake ba da shi.

Fim ɗin *It Happened One Night* na Frank Capra, wanda ya fito a 1934 ya kuma lashe kyautar Oscar biyar, ya taimaka wajen kafa wannan siffa a zukatan jama'a. A cikinsa, 'yar wani attajiri ta gudu daga mahaifinta, ta shiga safar dare daga Miami zuwa New York, inda ta haɗu da wani ɗan jarida da ya rasa aikinsa. Fitowar da ta fi armashi ita ce wadda fasinjoji suka haɗa baki suna waƙa. Capra ya mai da safa dandalin da mai kuɗi da talaka ke zama kafaɗa da kafaɗa, a lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. Ƙwarewarsa a nan ba abin musu ba ce.

Sai dai motar ta ratsa jihohin kudu ne, inda doka ta keɓe wa baƙar fata kujerun baya, kuma fim ɗin bai ce uffan a kan haka ba. Wannan shirun shi ne rauninsa, domin daidaiton da yake yabo na fararen fata ne kaɗai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1944 aka kama Irene Morgan a cikin safar Greyhound a jihar Virginia, saboda ta ƙi tashi ta ba Turawa kujerarta. Ta ɗaukaka ƙara, kuma a 1946 Kotun Ƙoli ta soke dokar wariya a motocin da ke tsallaka jihohi. Hukuncin bai yi aiki a kudu ba. Ranar 14 ga Mayu, 1961, gungun masu wariya suka banka wa wata safar kamfanin wuta kusa da Anniston a Alabama, tana ɗauke da masu fafutukar neman 'yanci.

Saboda haka, duk mai rubuta tarihin kamfanin sufuri ya kamata ya tambayi kansa wurin da ya zauna kafin ya ɗauki alƙalami. Yawan motoci da tsawon hanyoyi suna nuna ƙarfin jari. Darajar da aka ba ɗan Adam kuwa, sai an saurari Irene Morgan da ire-irenta ake gane ta.